Yaɓen da Ba a Sa Ni Ba

Bari in tona wa kaina asiri kafin ɗan Maraɗi ya riga ni, don na san har yau yana ba da labarin a duk inda aka ɗora tukunyar shayi. Ni ne mutumin da ya sami bango yana tsaye tun zamanin kakan wata tsohuwa, bai tsage ba, bai karkace ba, bai roƙi kowa komai ba, na kwaɓa siminti na shafe shi. Da na gama kuma na yi wanka, na sa farar riga, na zauna a bakin ƙofa ina jiran a zo a yi mini godiya. A lokacin ina da furfura har a gira. Ba ƙuruciya ba ce, ba kuma wanda ya aike ni.

Karatuna bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a bayan aji na yi shi. Sana'ata takalman mata. Ina saye a manyan kantunan titin Guangyuan, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, in tara, in loda zuwa Kano. A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik, wurin ajiyar kaya a cikin gari ya yi wuya, bincike ya yi yawa, kowa sai a ce ina takardarsa. Sai wani ɗan Kumasi, mai harkar lodin kwantena, wanda ya daɗe a can har yana jin yarensu, ya samo mana wuri a bayan gari, ni da wani ɗan Maraɗi mai sayen atamfa da fitilu, mai jefa Faransanci a cikin maganarsa. Ya ce mana gidan gona ne. Na zaci rumfar kwano zan gani.

Ashe gidan mai gona ne, ba gidan gona ba. Kakan matar gidan ne ya gina shi, lokacin da itatuwan lici, wani ɗan itace mai jan ɓawo da farin ciki mai zaƙi, suka cika daga ƙofarsa har bakin kogi, ma'aikata suna tsinka suna shanyawa. Yanzu itatuwan da suka rage ba su da yawa, suna tsaye a ƙarƙashin gadar mota kamar baƙi a garinsu. Amma gidan yana nan. Kan bangonsa na hagu da na dama ya tashi ya lanƙwasa kamar kunnuwan tukunya. Ƙofar shiga hawa uku ce: wata 'yar gajera iya ƙirji, sai wata ta sanduna zagayayyu a kwance da ake turawa gefe, iska ta shiga ɓarawo ya tsaya, sai babbar ta katako. A tsakiya akwai fili ba rufi, an shimfiɗa dutse, ruwan sama ya sauka ya ɓace ta wata kafa da har na bar gidan ban gano inda take kai shi ba. Dogon ɗakin da ma'aikata suke tsince 'ya'yan itace a da, shi aka ba mu.

Bangon da ke kallon lungu kuwa, shi ne ajalina. Ba tubali ba ne, ba dutse ba. Ɓawon kawa ne, wata irin katantanwar teku mai faɗin tafin hannu, an jera su layi-layi a karkace kamar ƙayar bayan kifi, an kama su da farar ƙasa. Ranar farko na shafa shi ya yanke ni.

Matar gidan 'yar guntuwar tsohuwa ce, ita kaɗai take zaune a ɗakunan gaba, kullum da mafici na kaba a hannunta. Da shi take fifita, da shi take nuni, da shi take dukan hannun mutum. Tana ce mini lawban, wato maigida, ina ce mata Mama. Kalmar da na fi ji daga bakinta ita ce meyo, wato babu. In kafa ƙusa in rataye riga? Meyo. In ɗaura fanka a jikin azara? Meyo. Dokin ƙofar ya kusa kai gwiwa, baro ba ya hayewa, kowane kwali sai an ɗauka a ka. Na ce a ɗan sare shi kaɗan. Ta dube ni kamar na ce a sare mata ƙafa. Rannan na yi tuntuɓe da shi da kwali a kaina, takalma suka watse har cikin magudana, ita kuwa dokin ƙofar ta durƙusa tana dubawa ko na ji masa ciwo.

Duk da haka mun saba. Ni ɗan magini ne. Babana yana cikin waɗanda ake kira a cikin birnin Kano idan soro ya tsage, kuma tun ina ƙarami nake cuɗa ƙasa da ƙafa ina miƙa masa. Kowace shekara kafin damina sai mun yi wa gidanmu yaɓe, ya bi fuskar zaure da yatsa ya zana dagi tun ƙasar tana ɗanya. A wurinsa gidan da aka bar shi ba yaɓe, ko masu shi sun mutu ko ba su da kunya. In ɗan Kumasi ya zo, sai in sa shi ya fassara wa Mama wannan duka. In nuna kunnuwan tukunyarta in ce mu namu zanko ne, masu tsini, huɗu ne a kan gidanmu. In kwatanta mata sanyin zauren da rana tsaka. Takan saurara, mafici ya tsaya cak.

Abin da ban sa a fassara mata ba shi ne, babana bai shekara biyu da rasuwa ba na rushe zauren nan da zankwayensa, na jera shaguna na bulo da rufin kwano. Ɗan Kumasi ya sani, don ya taɓa zuwa Kano ya zauna a ɗaya daga cikinsu yana tsiyayar gumi. Idan ina ba da labarin sai ya riƙa kallon rufi yana fassarawa.

To a wannan shekarar ne aka fara shafa jan rubutu a cikin da'ira a jikin gidajen lungun. Ko da ban iya karatunsu ba na gane, don duk gidan da aka shafa wa, bayan 'yan makonni sai ka ga fili. Za a faɗaɗa hanya ne, a yi wata kasuwa. Saura gida biyar a iso kanmu. Mama ta daina dukan hannuna, ta koma zama a bakin ƙofa tana kallon ƙarshen lungu. Ɗan Kumasi ya ce akwai mafita guda: wasu ma'aikatan gwamnati suna zagayawa suna duba tsofaffin gidaje, wanda suka ga ya cancanta sai su sa shi a littafi, in ya shiga littafi kuwa ba mai taɓa shi. Mama ta kai ƙoƙon bararta, sun ce za su zo bayan an gama wasanni. In sun rubuta, gida ya tsira. In ba su rubuta ba, jan fenti.

Ana cikin haka 'yarta ta zo ta ɗauke ta, za a duba mata ido, ta kwana goma a can. Ta miƙo mini makulli, ta ɗaga mafici a fuskata ta yi wata doguwar magana da ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ce mata she-she, wato na gode. Ban san me na gode wa ba.

Kasuwa kuma ta mutu. Rabin mutanenmu sun koma gida saboda biza, masu kantuna sun kafa ido a talabijin suna kallon masu gudu da masu iyo. Ba abin da ya kai ɗan kasuwa marar ciniki haɗari. Ina bin titin Huanshi ina ganin yadda ake ta fenti, ana wanke gadoji, ana jera furanni saboda baƙi. Sai na tuna da duba-gari na zamaninmu. In aka ce gobe zai shigo unguwa, kowace mata ta share tsakar gida, kowane magidanci ya toshe tsagar bangonsa. Na ce ashe duniya duk ɗaya ce. Ma'aikata za su zo duba gida, su tarar da bango tsirara, ƙwanso a waje, gizo-gizo a kowane rami, ai ko kallo na biyu ba za su yi masa ba. Tsohuwa ce, ba ta da ɗa namiji a kusa, ba mai yi mata yaɓe. Ni kuwa ga ni, ɗan magini, ina zaune ina ƙirga ƙudaje.

Na gaya wa ɗan Maraɗi. Ya ajiye kofin shayinsa.

“Alhaji, wanga bango mi ya yi maka?”

“Ba ka ganin tsirara yake?”

“Tun kahin a haihi babanka yake tsirara, bai yi mura ba.”

“Kai me ka sani a gini? Ku da in kun ga bene sai kun cire hula.”

“Bon. Mu dai ba mu taɓa shahe ma mutane gida ba su nan.”

Ya faɗi haka, amma da aka kawo siminti da yashi a keken kaya, shi ya fara naɗe hannun riga. Wannan sashen ba ya sa shi a labarinsa.

Kwaɓin farko shi ya yi, ya zuba siminti kamar na gado. Da shi na shafe gefen ƙofa, wurin ya kai faɗin tabarma. Ya kwanta sumul. Daɗi ya kama ni, na sa yatsa na zana dagi a tsakiya, irin na babana, har da 'yan ƙawace-ƙawace a gefe. Daga nan na ƙwace shebur. Ni hannuna ba ya sakin siminti, haka Allah ya yi ni. Na riƙa labta yashi ina yayyafa siminti kamar gishiri a miya.

“Wannan ba kwaɓi ba ne, Alhaji, kunu ne,” in ji shi. “Kanawa dai! Ko alheri za ku yi sai kun tsuke shi.”

Kwana huɗu muka yi. Mun shafe bangon lungu daga wannan kusurwa zuwa waccan, iya inda hannu ya kai a kan benci. Maƙwabta suna tsayawa suna kallo, wani tsoho ya riƙe baki. Na ɗaga masa hannu na ce nihau, wato sannu. Na zaci mamakin gwaninta yake.

Ranar da za ta dawo ce na sa farar rigar. Mota ta sauke ta a bakin lungu, ido ɗaya a rufe da auduga. Ta taho a hankali. Ta tsaya. Ta juya ta kalli gidan maƙwabci, ta sake juyowa, kamar mai zaton ta ɓata hanya. Sai ta matso ta ɗora tafin hannu a kan simintin. Ni kuwa na miƙe ina murmushi, hannu a ƙirji.

Ban san ƙaramin jiki yana iya ɗaukar murya haka ba. Kaji suka watse. Ta yi kaina da mafici, ta dake ni a kafaɗa, a hannu, a kan farar rigar, har kabar ta tsage. Ɗan Maraɗi ya tuna yana da alwala da zai sabunta. Na kira ɗan Kumasi a waya na ce ya zo, an sami rashin fahimta.

Da ya iso ya ga bangon, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

“Baba Alhaji, wa ya yi wannan?”

“Taimako ne. Me take cewa?”

“Tana gaishe ka.”

“Kar ka raina mini hankali, gaisuwa ba ta yin tsawo haka.”

“To, ta ce kakanta ya sa an kwaso ɓawon nan daga bakin teku a jirgin ruwa. Ta ce saboda wannan bangon ne ma'aikatan suka yarda za su zo. Irinsa ya kusa ƙarewa. Sauran abin da ta ce kuma, Baba, kai dattijo ne, bar shi a wurina.”

A nan na zauna a kan dokin ƙofar da na so a sare.

Ma'aikatan suka zo bayan an rufe wasanni, wani dattijo da wata mata mai tabarau da na'urar ɗaukar hoto. Matar ta daɗe a gaban dagina. Ta tambayi ko wane ne, aka nuna ni, ta dube ni daga hula har takalmi. Ta yi bayani, ɗan Kumasi yana juya mini. Wai ɓawon da farar ƙasar suna shan damshi su fitar, shi ya sa ɗakin yake da sanyi, shi ya sa gara ba ta shiga. Siminti kuwa zai kulle ruwan a ciki, bangon ya ruɓe ta ciki. A yadda yake ba za su rubuta shi ba. Amma za su sake biyowa ta lungun bayan wata guda. In an iya cire simintin ba tare da an farfasa ɓawon ba, za su duba. Ba ta yi alkawari ba.

Na ce a kawo guduma. Matar ta ji fassarar ta kusa yar da na'urarta.

Da ƙaramin kurfi na sassaƙa aka ce in yi, da cokali, da buroshin goge haƙori. Ni, mai jikoki. Azumi kuma ya kama a daidai lokacin, ga zafin garin nan mai kama da an rufe ka a tukunyar dambu. Tun safe nake hawa benci, in ɗan ƙwanƙwasa, in ɓanɓare, in sa cokali in ƙwaƙule tsakanin ɓawo da ɓawo, in goge. Mama ta kawo kujera ta zauna a bayana da sabon mafici da kwano a cinya. Duk ɓawon da na fasa sai ta tashi ta ɗauka, ta nuna mini shi a gaban hanci, ta jefa a kwanon ya yi ƙara. Wannan ƙarar har yau ina jin ta in an jefa cokali a faranti. In na yi sauri, mafici. In na huta, mafici. Na ce wa ɗan Maraɗi ya hau ya taya ni, ya ce shi likita ya hana shi tsayuwa a kan benci. Wane likita? Mutumin da ko asibiti bai san hanyarsa ba. Sai dai ya zauna a inuwa da carbi yana ba da umarni.

“A hankali, patron. Kai da ka ce ɗan magini ne.”

“In na sauko za ka ga ɗan magini.”

“Sauko mana. Mama na nan.”

Jan fenti kuwa ya ci gida biyu a cikin makonnin. Muna jin rugugin rusau daga ƙarshen lungu, ƙura tana sauka a kan ɓawon da na goge, in sake gogewa.

Abin da ya cece mu abin kunya ne. Kunun da ɗan Maraɗi ya yi wa dariya, shi ya riƙa ɓarewa da kansa kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Wani wurin da farce ma nake cire shi. Da na yi kwaɓin kirki, da gidan nan ya tafi. Na gaya masa haka, na ce rowar Kanawa ce ta tsayar da gidan. Ya ce in je in faɗa wa Mama, yana nan yana kallo. Ban je ba. Nasa kwaɓin kuwa, na gefen ƙofa mai dagi, ya kama kamar dutse. Na gwada gefe ɗaya, ɓawo uku suka fito tare da shi. Mama ta riƙe mini hannu ta ce meyo. Karo na farko ke nan da na ji daɗin kalmar.

Ta lura ba na shan ruwa da rana. Ta tambayi ɗan Kumasi, ya yi mata bayani. Daga ranar, da zarar rana ta faɗi sai ta ajiye mini kwanon wani baƙin shayi a kan benci ta juya baya. Ɗaci gare shi kamar maɗaci. Ɗan Kumasi ya ce maganin zafi ne, suna ba wanda suke tausayi. Ni dai har gobe ina zargin horo ne. Amma ina shanyewa.

Ranar da ma'aikatan suka dawo, yatsuna duk a naɗe suke da tsumma. Matar ta bi bangon taku-taku tana shafawa. Ta tsaya inda na fasa, ta leƙa kwanon Mama, ta girgiza kai. Dattijon ya shiga ciki ya duba azara da ƙofar sanduna da filin tsakiya. Suka koma gefe suna magana ƙasa-ƙasa, mu kuma muna tsaye kamar masu jiran alƙali. Mama ta ƙanƙame maficinta da hannu biyu. Can matar ta buɗe littafi ta fara rubutu, ta daɗe tana yi. Ɗan Kumasi ya saki numfashi ya ce gida ya shiga. Hanya za ta kauce masa.

Na tambaye shi, dagina fa? Ya ce sun ce a bar shi, cire shi zai fi barinsa ɓarna, kuma an rubuta shi a littafin.

“An rubuta shi? Da me?”

“Ɓarnar wani baƙo.”

Ɗan Maraɗi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Shi da ya kwaɓa.

Mama ba ta yi murna a gabanmu ba. Ta shiga ciki ta daɗe, ta fito idon da aka yi wa aiki yana ruwa, ta ce ƙura ce. Ta zauna a kujerarta ta kalli dagin, ta kalli yatsuna. Sai ta miƙo mini ɓawo guda daga cikin kwanon, wanda bai fashe sosai ba. Yana nan a aljihun jakata, ya yanke ni sau biyu tun daga lokacin. Ta yi magana a hankali, ba da muryar faɗa ba. Ɗan Kumasi ya ɗaga kai yana kallon kunnuwan tukunya.

Na ce, “Fassara mana.”

Ya ce, “Ta ce wannan zanen na gidan babanka ne, ko? Ta ce in ka koma gida ka ɗauko mata hoton zauren, da zankwayen nan huɗu. Tana so ta ga gidan da ya yi sa'ar samun ɗa mai yi masa yaɓe duk shekara.”